Giyar a-kori-kurata tana ɗaukar zafi idan na ja tirela, ƙarin kular man giya ne maganin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da a-kori-kura mai giya atomatik, ina jan tirela da ita, idan na yi lodi nauyin tirelar yakan kai tan biyu da rabi. A miƙaƙƙiyar hanya ba ni da matsala. Amma kwanan baya ina tsakiyar wani dogon hawa sai fitilar zafin man giya ta kama, na kuma ji ƙauri. Na sauka gefe na kashe motar. Wani makanike ya ce in sa ƙarin kula, wato abin sanyaya man giya, wani kuma ya ce in zuba man giya mai kauri. Wanne zan bi? Kuma giyar ta riga ta lalace ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar mai mai kauri ka ajiye ta gefe. Ta ƙarin kula tana kan hanya, amma ba da ita za ka fara ba. Kula tana kwashe zafin da aka riga aka haifar ne, alhali mafi yawan zafin nan kana iya hana shi haifuwa tun daga kujerar direba. Idan ka sa kula ba ka sauya salon tuƙi ba, ka bar jaki kana dukan taiki.

Tsakanin inji da giyar atomatik akwai wani abu mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa aka liƙe, cike da man giya, wanda ake kira kwambata. Ka ɗauki fanka biyu ka sa su fuskanci juna, ka kunna ɗaya: iskarta za ta juya ɗayar. Haka kwambata take aiki, sai dai mai ne a madadin iska. Fankar da inji ke juyawa kullum tana gaba da wadda ke juya giya, kuma duk ƙarfin da ya salwanta a wannan tazarar zafi yake komawa a cikin man. Idan mota ba kaya tazarar kaɗan ce. Idan akwai tan biyu da rabi a baya kuma ana hawa, inji yana ta dukan man kamar ana kaɗa shi da maburgi, tayoyi kuwa suna jan ƙafa. A nan man yake dahuwa.

Saboda haka ne aka sa wani kuloci a cikin kwambatar, wanda yake kulle ɓangarorin biyu su juya tare idan tafiya ta daidaita. Da ya kulle, zamewa ta ƙare, zafi ya fara sauka. Kana iya ganin wannan da idonka. A miƙaƙƙiyar hanya, kana kan kilomita 80, ka ɗan taɓa totur kana kallon allurar juyin inji. Idan ta yi tsalle da ɗari biyu ko uku alhali gudun motar bai ƙaru ba kuma giya ba ta sauya ba, kwambata a buɗe take. Idan allurar ta tashi a hankali tare da gudun, a kulle take. Direban da ya iya karanta wannan allura ya samu rabin maganin.

Abin da na fi zargi ya same ka shi ne ka bar motar a D. A hawa, kwamfutar giya takan yi ta kai-kawo: ta hau babbar giya, inji ya gaza, ta sauko, ya samu ƙarfi, ta sake hawa. A kowane sauyi kwambata tana buɗewa, faya-fayan kulocin cikin giya kuma suna gugar juna kafin su kama. Idan motarka tana da maɓallin da aka rubuta wa Tow/Haul, ka danna shi duk lokacin da tirela take maƙale. Yana jinkirta hawa babbar giya, yana kuma taimakon birki a gangara. Idan babu, ka zaɓi giya da hannunka tun kafin ka shiga hawan, wadda inji zai riƙe ba tare da ka nutsa totur ƙasa ba, ka zauna a kanta har ka kai tudu. Na san ƙarar inji tana damun mutane, suna jin kamar suna cutar da shi. Ba ka cutar da shi matuƙar allura ba ta kusanci jan layi ba. Famfon man giya da famfon ruwa duk inji ne yake juya su, idan juyinsa ya ƙaru mai da ruwa sun fi zagayawa. Inji mai kuka a ƙaramar giya ya fi mini wanda ke nishi a babba.

Gudu ma yana da nasa kason, musamman idan tirelar mai tsayi ce ko kayan sun yi tozo. Turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: daga kilomita 80 zuwa 100, tana ƙaruwa da fiye da rabi. Sassauta ƙafa kaɗai yakan sauko da zafin.

Akwai kuma wurin da mutane ba sa zato, wato ribas da tafiyar hawainiya. Lokacin da kake lallaɓa tirela da baya zuwa wani ɗan tudu, ko kana fita daga yashi, ko kana cikin cunkoso, kwambata a buɗe take gaba ɗaya, iska kuma ba ta ratsa gaban mota. 'Yan mintoci a haka suna iya dafa man fiye da doguwar tafiya a kan babbar hanya. Idan motar tana da 4L, wato ƙaramar giyar tafiya da ƙafa huɗu, yi amfani da ita a irin wannan wuri muddin ƙasa ce ko tsakuwa. A kan busasshiyar kwalta da kwana tana ɗaure ƙafafun motar da ba a ƙera ta da tafiya da ƙafa huɗu kullum ba. Kuma kada ka riƙe mota a kan hawa da totur. Aikin birki ne.

Yanzu lambobi, a ma'aunin Salsiyos. Man giya ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95, wasu sababbin motoci kuma da gangan aka tsara su su zauna kusa da 100. Idan ya taɓa 110 a hawa ya sauko bayan an kai tudu, ba abin tashin hankali ba ne. Daga 120 man yana saurin ƙonewa, yana barin dauɗa mai danƙo a cikin ƙananan hanyoyinsa, robobin da ke riƙe matsinsa kuma suna fara taurara. Idan ya doshi 130 ka nemi wurin tsayawa. Matsalar ita ce fitilar nan ba ta kamawa sai zafi ya yi nisa, allurar zafin ruwa kuma labarin inji kawai take ba ka. Don haka abin da zan so ka fara saya shi ne ƙaramar na'urar da ake soka wa a kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ke nuna zafin man giya a waya ko a ɗan allo. Ka tabbatar tana karanta irin motarka. Da ita za ka ga giyar da ke sauko da zafi da wadda ke ɗaga shi, a kan hanyarka da lodinka.

Tsayawar da ka yi daidai ce, kashe injin ne kuskuren. Da ka kashe shi famfo ya tsaya, man ya kwanta a inda ya fi zafi. Nan gaba ka sa P, ka ja birkin hannu, ka sa wa tayoyin tirela waigi, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka bar inji a silo har fitilar ta mutu. Sai fa idan ka ga mai yana zuba ko hayaƙi yana tashi daga ƙarƙashi, to nan kashewa ce dole.

Ko giyar ta lalace? Man zai gaya maka. Ka ɗiga shi a kan farar takarda. Yawancin man giya ja ne garau idan yana da lafiya. Idan ya koma ruwan ƙasa ya gaji. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, faya-fayan kuloci sun sha wuta. Idan kuwa ya yi kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kada motar ta ƙara motsawa sai an gyara. Tunda ka ji ƙauri, a sauke farantin ƙasan giya a duba maganaɗisun da ke ciki: laushin toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da gutsattsarin kuloci mugun labari ne. A sauya mai da abin tace shi. Sannan ka lura ko motar tana jinkirin kamawa idan ka sa D, ko inji yana yin sama tsakanin giya da giya, ko tana kakkarwa. Idan babu ko ɗaya, da alama ka tsira.

Man da za a zuba kuwa shi ne wanda littafin motar ya ambata da sunansa, ko Dexron ne, ko Mercon, ko WS na Toyota, kowanne da lambarsa. Mai kauri ba ya ratsa ƙananan hanyoyin giya da kula yadda ya kamata, kuma yana sauya yadda kuloci ke kamawa. Kada a cika shi ya wuce ƙa'ida, domin yana kumfa. Motoci da yawa yanzu ba su da sandar awo, ana duba man ne ta wani noti a wani ƙayyadadden zafi. Mai jan tirela kuma jadawalin aiki mai tsanani na littafin zai bi, ba na kowa da kowa ba.

Kafin ka sayi kula a wanke haƙarƙarin lagireto, a gwada fanka, domin a yawancin motoci man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Ka taɓa cibiyar tayoyin tirela bayan tafiya ka ji zafinta, ko birkinta yana riƙewa. Idan ka sa wa motar tayoyin da suka fi na asali girma, su ma suna ƙara wa giya wahala. Ka kuma hau sikeli da cikakken lodi ka gwada da iyakar da kamfani ya rubuta ta mota da tirela a haɗe, domin kula ba ta ɗaga wannan iyaka ko da kilo ɗaya.

Idan bayan duk wannan, na'urar da ka soka a kafar OBD tana nuna maka sama da 110 a kai a kai, to a sa kula. Ka zaɓi mai faranti-faranti a jere, ta fi mai lanƙwasasshen bututu kwashe zafi. A kafa ta a gaba inda iska ke dukanta, a haɗa ta yadda man zai fito daga giya, ya bi lagireto, ya shiga sabuwar kula, sannan ya koma. A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya, a nisanta shi da salansa, a ƙara man da kular ta shanye. Idan aikinka ya fi yawa a tafiyar sannu, ka nemi mai ɗauke da tata fankar lantarki, domin kula ba ta aiki sai da iska.