Fararen Tabo a Hoton Ƙwaƙwalwar Mahaifiyata: Gigin Tsufa Ne Ya Kama Ta?

Tambaya: Likita, ina rubuto maka daga Aboabo a Kumasi. Mahaifiyata shekarunta 68, tana da hawan jini tun da daɗewa, kuma tun bara ta fara rikicewa wajen lissafin canji a kasuwa, tafiyarta ma ta yi nauyi. An yi mata hoton MRI, takardar ta ce akwai fararen tabo a farin sashen ƙwaƙwalwa, mataki na 2 a ma'aunin Fazekas. Kawuna ya ce ƙwayoyin asibiti ne suka taru a kanta, a daina ba ta, a sayo mata maganin da ke wanke jijiyoyi. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Ki fara kwantar da hankalinki da wannan: hoto shi kaɗai ba ya yanke hukuncin cewa mutum na da cutar mantuwa. A binciken Rotterdam na ƙasar Holan, wanda aka buga a 2001, an ɗauki hoton mutane sama da 1,000 masu shekara 60 zuwa 90, aka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 suna da irin waɗannan tabo, kaɗan ko da yawa. Ma'aunin da likitan Ostiriya Franz Fazekas ya fitar a 1987 yana tafiya daga 0 zuwa 3: a mataki na 1 ɗigo-ɗigo ne a warwatse, a na 2 sun fara haɗewa, a na 3 sun zama manyan faci. Na 2 a shekara 68 ya wuce abin da za a ɗora wa tsufa kawai, kuma alamun da kika faɗa sun dace da shi, domin lalacewar ƙananan jijiyoyin jini ta fi taɓa saurin tunani, tsara aiki, lissafi da tafiya, alhali cutar Alzheimer ta fi farawa da manta abin da ya faru ɗazu. Sau da yawa kuma biyun kan haɗu a kai ɗaya.

Sai maganar kawunki, wadda ita ce ta fi damuna, don kusan kullum sai na ji irinta a ɗakin duba marasa lafiya. Farin da ake gani a hoton ba ƙwaya ba ce ta taru, kuma ba datti ba ne da za a wanke. Na'urar ce take nuna wurin da fari, saboda naman wurin ya jima bai sami isasshen jini ba, ya lalace, ruwa ya yi yawa a cikinsa. Babban abin da ke kawo haka shi ne hawan jini da ya shekara yana bugun ƙananan jijiyoyi har bangonsu ya yi kauri, hanyarsu ta ƙuntata. Ciwon sukari da shan taba suna ƙara masa ƙarfi. Ke nan ƙwayar da ake so a hana Hajiya ita ce abin da ke tsare mata sauran ƙwaƙwalwar da ta rage lafiya. Wanda ya tsaya a cikin motar haya ta trotro ko ya sayi lokaci a gidan rediyo yana rantsuwa cewa kwalbarsa ɗaya na warkar da hawan jini da sukari da basir da mantuwa, bai taɓa ganin hoton ƙwaƙwalwa ba, kuma ba zai zo ya taya ku jinya ba ranar da ɓarin jiki ya shanye. Wasu daga cikin waɗannan haɗe-haɗen ba a san abin da ke cikinsu ba, ƙoda kuwa ita ce ke fara biyan bashin. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cewa "ai jinin ya sauka, ta warke", sai a ajiye magani. Ya sauka ne domin ana sha. A daina, ya koma inda yake, kuma ba lallai ya yi sallama da ciwon kai ba. Ina girmama kawunki, na san ƙauna ce ta sa shi magana, amma ku zo da shi asibiti a nuna masa hoton a yi masa bayani ido da ido, domin a gidajenmu na Zango maganar kawu ta fi takardar likita nauyi.

Ba da baki kawai muke faɗa ba. A gwajin SPRINT MIND na Amurka, wanda aka buga a 2019, waɗanda aka yi ƙoƙarin sauke lambar jininsu ta sama ƙasa da 120 tabonsu bai ƙaru kamar na waɗanda aka tsaya ƙasa da 140 ba, kuma raunin tunani na farko-farko ya ragu da kusan kashi 19 cikin 100. Sai dai gwajin bai haɗa da masu sukari ko waɗanda suka taɓa shanyewar jiki ba, kuma tsoho mai jiri in ya miƙe ba a matsa masa, don haka likitanta ne zai sa mata lamba. Tabon da ya riga ya zauna da wuya ya goge. Abin da ake nema shi ne kada ya yaɗu.

Ki nemi a tura ta sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, a gwada tunaninta da harshen da ta fi ji, ba da Turanci ba, kada rashin boko ya zama mata cuta a takarda. A duba bitamin B12, sinadarin thyroid da ke fitowa daga maƙoshi, sukari da ƙoda, a kuma tambayi halin zuciyarta, domin baƙin ciki mai tsanani kan yi kama da mantuwa kuma yana jin magani. Kada a fara ba ta asfirin da ka, tunda masu irin wannan tabo wani lokaci suna da ƙananan wuraren da jini ya taɓa tsiyaya. A rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, a lissafa har da dunƙulen magi da kifin gishiri irin su kobi da momoni. Kada a raba ta da kasuwa. A sa mata wani ya riƙe kuɗi, ita ta ci gaba da ciniki. In Ramadan ya zo, ku tambayi likita yadda za a mayar da ƙwayoyin zuwa sahur ko buɗa baki. Idan kuwa bakinta ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a kai ta asibiti a wannan sa'ar.