Kafin ka taho karatu kan ɓawon wolnot

Ƙanena, karo na uku ke nan kana aiko min daga Jos, kana tambaya ko ka taho Turkiyya digiri na biyu kan tatso sinadarai masu amfani daga sharar wolnot. To, saurara.

Da farko, wolnot ɗin Turkiyya, ɗan itace mai ƙwaya a cikin kwasfa mai tauri, ba shi ne asala ko ukpa da ake talla dafaffe a Abuja ba. Na nan sunansa Juglans regia, kuma ko dangi ba su haɗa ba. Ka cakuɗa su a takardar neman gurbi, malami ba zai kai shafi na biyu ba.

Sharar ta haɗa da kwasfa mai tauri, da siririyar fatar ƙwaya, da tunkuzar da ke ragewa bayan an matse mai, amma inda ake shan wuya shi ne koren ɓawon waje, mai ɗauke da sinadaran da ake nema, wato juglon da tanin. Sau ɗaya ake samunsa a shekara, tsakanin Satumba da Oktoba, daidai lokacin da sabbin ɗalibai ke fama da biza da neman ɗaki. Ya wuce ka, sai baɗi, kuma kuɗin haya ba ya jira. Da an ɓare koren ɓawon iska ke fara aikinta, cikin 'yan kwanaki ya yi baƙi ya ruɓe. Ko dai ya shiga firiza a ranar, ko a busar da shi a inuwa, zafi kada ya haura digiri 40. Shanya a rana irin ta barkono asara ce, don juglon ba ya son zafi da haske. Ka sa safar hannu. Tabonsa ya fi lalle naci.

Tatsar ba ta da wuya: a niƙa, giram 1 cikin mililita 20 na ruwa mai etanol kashi 50 zuwa 70, minti 30 a injin girgiza da sauti, a tace, a janye etanol a digiri 40, a adana a kwalba mai duhu. Awon ne ke kada mutane. Gwajin Folin, da ake auna jimillar irin waɗannan sinadarai da shi, yana lissafa har da bitamin C da wasu sukari, sai adadi ya kumbura, ɗalibi ya yi ta murna a banza. In ba HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta auna su, ba ka san abin da ka tatso ba. Don haka ka tambayi malamin a rubuce: na'urar tana aiki? Wa ke biyan kuɗin sinadarai? Wace masana'anta ke ba shi ɗanyen ɓawo?

Kuma kada ka zo hannu rabbana. Atili na nan a Filato, ga tunkuzar kaɗanya, ga ɓawon mangwaro. Ka gwada wannan hanya a kansu a Jami'ar Jos, ko ka nemi horo a NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, ka haɗa sakamakon da takardarka.