Me Ya Sa Ƙaramin Kan Jirgina Yake Cijewa A Mararraba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Jidda nake, ɗakina ba faɗi, shi ya sa na shimfiɗa layin dogona na jirgin ƙasan wasa, ƙaramin sikelin da ake kira HO, a kan katako a jikin bango. Na sayi ɗan kan jirgi samfurin dizal, irin mai jera taragu a tasha. Da gudu lafiya lau yake tafiya, amma ina rage wuta sai ya cije a mararraba, sai na zungure shi da yatsa. In sayar in sayi babba?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka sayar, ɗan'uwa, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau.

Sunan dizal kawai ya ara. Ɗan injin lantarki ne a cikinsa, kuma ta ƙafafunsa yake shan wuta daga dogo. Sunkuya ka dubi mararrabarka, za ka ga wani ɗan tsini inda dogo biyu suka haɗu. Kamfanoni da yawa da roba suke yin wannan wurin don kada wutar ɓangarorin biyu ta haɗu. Dogon kan jirgi ko a jikinsa: ƙafar gaba na kan roba, na baya suna ta shan wuta. Naka gajere ne, balle in mai ƙafa shida ne irin Class 08 na Ingila. Ƙafa ɗaya ta hau roba, ƙwayar ƙura ta shiga ƙarƙashin wata, shi ke nan wuta ta yanke. Da gudu kuwa saurinsa ne ke tsallakar da shi.

Ga ka kuma a Jidda, inda ƙura ke haɗuwa da laimar Bahar Maliya ta zama baƙin danƙo a kan dogo. Samu farin ƙyalle, ka ɗiga masa sifirit, ka goge. Baƙin layi biyun da za ka gani a jikinsa sai sun ba ka mamaki. Ban da samfefa, don karce ƙarfen take yi, dauɗa ta samu maɓoya. Ƙafafun kuwa, shimfiɗa ƙyallen a kan dogo, ka ɗora na gaba a kansa, na baya a kan ƙarfe, ka riƙe kan jirgin a hankali ka ba shi wuta, su wanke kansu. Sai ka juya. Duba kuma siraran ƙarafunan da ke gogar ƙafafun ta ciki, zaren darduma na son maƙalewa a nan.

In duk an yi bai daina ba, ɗora rula a kan mararrabar, sau da yawa ƙusa ce ta danne ta ta lanƙwashe. Mai amfani da DCC, wato tsarin sarrafa jiragen ta na'urar dijital, zai iya saka wa kan jirgin kafasita mai riƙe wuta na ɗan daƙiƙu, ta raka shi ya haye.

Batun babba, ni ban goyi baya ba. In dai sai ka ƙara, nemi samfurin SW1500, kan jirgin da kamfanin EMD na Amurka ya ƙera daga 1966 zuwa 1974, mai ƙarfin doki 1,500. A sikelin HO, wato 1:87, tsawonsa wajen santimita 16 ne, ƙafa takwas. Tabbatar duka takwas ɗin suna ɗaukar wuta. Wurin gwaji kada gudu ya ruɗe ka, sa shi ya yi tafiyar hawainiya. Wanda ya iya rarrafe ba ya tsinkewa, shi ne na kirki.

Kan katako irin naka ma akwai wasan da ake kira Inglenook: rassa uku, ɗaya mai cin tarago 5, biyu masu cin 3-3. Cikin tarago 8 ka ƙuri'ance 5, ka jera su bi da bi. Sai ka ji kiran Isha'i ba ka gama ba.

Af, in ka yi odar na'urar ba da wuta daga Amurka, karanta jikinta kafin ka jona. Tasu bolt 120 ce, ta gidajen nan kuwa galibi 230.