Yaro a Ramin Zinare: Horo Ne Ko Cutarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne daga yankin Anka. Ɗan ƙanena mai shekara 12 ya bar makaranta, yana bin manya wurin haƙar zinare, yana ɗibar ƙasa da tsaron injin niƙa. Na yi wa ƙanen nawa magana, ya ce mu ma ai da fartanya muka tashi, me ya same mu? Tun da 'yan bindiga suka hana su noma, da kuɗin yaron ake cefane. Da gaske aikin nan yana da illa, ko surutun 'yan boko ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka damu da ɗanka, domin ɗan ƙane ɗa ne.

Ƙanenka ya faɗi gaskiya a gefe guda. Yaron da ya taya ubansa shuka ko ya kai akuya kiwo bayan an tashi makaranta, tarbiyya yake samu, ba mai ja da wannan. Abin dubawa shi ne, aikin yana taɓa lafiyar jikinsa? Ya raba shi da karatu? Yana barinsa ya yi barci? Wurin haƙar zinare kuwa ba a je ko'ina ba ya faɗi tun a tambayar farko.

Ba sai na kai ka nesa ba. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega suna ɗauke da dalma mai yawan gaske. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana yi wa dubban yara magani, kuma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 irin haka ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda dalma ke aiki a ɓoye. Idan babba da yaro suka haɗiyi ƙura iri ɗaya, jikin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa, alhali ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba. Za ka ga yaro garau yana yawo, amma jininsa ya ragu, cikinsa na yawan ciwo, ya zama mai mantuwa da saurin fushi. Sai a ce ya lalace, a kama dukansa. Magani yana rage dalmar da ke cikin jini, amma abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Ga kuma zaiba da ake ƙonawa don fitar da zinaren, hayaƙinta na lalata jijiyoyi da ƙoda. Ga rami da kan rufta da damina. Kuma ƙurar tana bin rigarsa har gida, inda ƙannensa ke rarrafe, su ne ma ta fi yi wa illa.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2024 yara kusan miliyan 138 ke cikin aikatau, kimanin miliyan 54 a ayyuka masu haɗari. Akwai su a gonakin koko na Ghana da Kwaddibuwa, da ramukan ma'adinai na Kwango. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 182 a 2002, wadda ta haramta sa ɗan ƙasa da shekara 18 aiki mai haɗari, dokar ilimin matakin farko ta UBE ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta.

Sai dai doka ba ta ɗora tukunya, na sani. Mutumin da aka raba da gonarsa ba mugunta ta sa shi tura ɗansa rami ba, don haka kada ka je masa da faɗa. Ku zauna a matsayin 'yan uwa ku lissafa abin da yaron ke kawowa a mako, ku ga ko dangi za su iya haɗa shi. Idan kana da hali, ka ɗauko shi ya zauna wurinka, ya je makaranta da safe, ya taya ka aiki da yamma.

Kafin nan, a kai shi babban asibiti a nemi gwajin dalma a jini, shi da ƙannensa, ko da ba wanda ya kwanta. Kada a sake shigo da dutse ko garinsa cikin gida, kada a niƙa shi da injin hatsi ko a daka a turmin abinci. Duk babban da ya dawo daga wurin haƙa, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki jariri.