Me ya haɗa awon ƙugun yaro da yurik asid?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 11, kuma yana da ƙiba. Da muka je asibiti, nas ta zagaya cikinsa da tef irin na tela, sai aka ce a yi masa gwajin yurik asid. Ni a sanina wannan matsalar dattawa ce masu ciwon gaɓɓai. Ina ruwan awon ciki da abin da ke cikin jini?

Amsa: Hajiya, wanda ya sa a yi gwajin nan ya san aikinsa. Yurik asid dattin da jiki ke samarwa ne idan ya narkar da wani sinadari mai suna furin, wanda ke cikin ƙwayoyin jikinmu da kuma abinci irin su hanta, ƙoda da sauran kayan ciki. Kusan kashi 2 cikin 3 ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, sauran ya bi ta hanji.

Kitsen da ya taru a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne mai ɓarna, ba na cinya ko na damtse ba. Yana sa jiki ya daina jin insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini) yadda ya kamata, sai insulin ya yi yawa a jini, shi kuma ya hana ƙoda zubar da yurik asid. Ga kuma sukarin da ke cikin lemon kwalba da na kwali: furuktos ɗin da ke ciki, wani nau'in sukari, na sa hanta ta ƙara samar da yurik asid. Ana ƙara zubawa, magudanar kuma ta ƙuntata.

Shi ya sa nake fifita tef a kan sikeli. Lissafin BMI, wato nauyi a raba da tsayi sau tsayi, yana da amfani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawalinsa na yara masu shekara 5 zuwa 19 a 2007. Amma bai san inda kitsen ya zauna ba. Yara biyu za su iya yin nauyi ɗaya, ɗaya ƙirar ƙarfi ce, ɗaya teɓa ce.

Ga yadda za ki auna a gida. Ya tsaya ba riga, ki nemi tsakiya tsakanin haƙarƙarinsa na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ya saki numfashi (ki kula, yara kan shanye ciki idan sun ga tef), sannan ki auna. Ki raba abin da kika samu da tsayinsa. Idan tsayinsa santimita 140 ne, ƙugunsa 78, kin samu kusan 0.56. Hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya, a jagorarta ta 2022, ta ɗauki 0.5 zuwa 0.59 a matsayin ƙarin haɗari ga yara daga shekara 5, 0.6 zuwa sama kuma babban haɗari. In ba tef, ki yanki zare daidai tsayinsa, ki ninka biyu; in bai zagaye ƙugunsa ba, ya haura 0.5.

Ki duba bayan wuyansa ma. In fatar ta yi baƙi ta yi kauri, kuma soso bai fitar da shi ba, ba dauɗa ba ce, alama ce ta yawan insulin.

Sai dai awo hasashe ne kawai, jini ne ke tabbatarwa. Kada kuma ki kwatanta sakamakon yurik asid ɗinsa da iyakar manya, 7 mg/dL ga maza, 6 ga mata. Na yara ya fi ƙasa, yakan tashi ga maza lokacin balaga, kuma masu bincike da yawa kan fara sa ido daga 5.5. Sikila, ciwon ƙoda da ƙarancin ruwa a jiki su ma suna ɗaga shi, don haka ki gaya wa likita in akwai ɗaya daga ciki.

Ciwon gaɓɓan da kike tsoro da wuya ya kama ɗan shekara 11. Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini, kitsen hanta da ciwon suga, waɗanda kan zo tare da yawan yurik asid. Ki nemi a auna masa su. Kada a ba shi allopurinol, maganin rage yurik asid, sai likita ya rubuta. A fara da mayar da lemon kwalba ruwa, a rage sukarin zoɓo da shayi, ya samu awa ɗaya kullum yana guje-guje, sannan a sake ɗaura tef bayan wata uku.