Sambuk da sallamar matafiyi

Jikana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini har sau biyu. Wai don me zan ce sai ka bi dangi gida-gida ka nemi gafara, ka rubuta bashin da ake bin ka, alhali Umara ce kawai, awa biyar daga Kano kana Jidda. Na yi murmushi, amma daren nan ban yi barci da wuri ba.

Ni ba ta sama na fara zuwa Makka ba. Ina yaro mahaifina ya ɗauke mu daga Kano, muka bi Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Janaina, har Ubayyid inda jirgin ƙasa yake. Shekara uku muka yi a Jazira ta ƙasar Sudan muna tsinkar auduga ana tara guzuri, tare da Hausawan da wasunsu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 iyayensu suka yi gabas. Lokacin Sudan tana hannun Ingilishi, ba ta samu 'yanci ba sai 1956. Mai hali yakan shiga Sawakin, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, a yi masa lamba, a duba fasfo, ya hau jirgi mai hayaƙi. Mu kuɗinmu bai kai ba. Sai aka haɗa Baba da wani mai sambuk, cikin dare, a wani gaɓar teku kudu da garin.

Sambuk jirgin katako ne, ba inji, ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku ne iska ke turawa. Namu ya girmi Baba. Wani tsohon ma'aikacinsa da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan ya ba mu tarihinsa kamar mai ba da labarin ubangidansa da ya talauce. Da ƙuruciyarsa gahawa yake ɗaukowa daga Hudaida ta Yaman, ya kai dawa da tumaki Jidda, Sawakin kuwa tana cike da fatake, benayenta na dutsen teku farare tas. Sai Turawa suka gina Bur Sudan, suka buɗe ta a 1909, manyan jirage suka koma can, kaya masu tsada suka bi su. Sambuk ya koma dakon gawayi da gishiri. Daga ƙarshe sai mu, Takari, da ake loda mu a ɓoye. Tsohon yana magana yana kwarfe ruwa daga cikinsa da gwangwani, hannunsa bai tsaya ba.

Kwana uku aka ce mana. A rana ta biyu iska ta ɗauke cak. Ƙyallen nan ya saki jiki, teku ta kwanta kamar faranti, rana tana dukanmu ta sama da ƙasa. Aka koma raba ruwa da ɗan kofin gahawa, safe da yamma. Wata tsohuwa 'yar Haɗeja da ke ba ni dabino ta rasu a kwana na biyar. Aka yi mata sutura da zanenta, Baba ya ja sallah muna tsaye a takure, aka sa ta a ruwa. Jikarta ba ta yi kuka ba, hawayen ma babu.

Daren nan Baba ya jawo ni jikinsa, ya ce in buɗe kunne. Ya shiga lissafi: sule bakwai na wani marini, turmin alawayyo ɗaya na maƙwabcinmu, akuyar da aka ba shi kiwo, da wata magana da ya faɗa wa ƙanensa a kan gona bai janye ba. Ya sa na maimaita har na haddace. Ya ce tsohonsa yakan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma matafiyi ba ya ɗaukarsa ya ƙetare ruwa. Kuɗin bai dame shi kamar maganar gonar ba. Ya yi sallama da kowa kafin mu fito, ƙanen nan kaɗai ya tsallake don fushi, ga shi yanzu ba hanyar komawa.

Iska ta dawo da asuba. Aka sauke mu kusa da garin Lis a gaɓar Saudiyya, nesa da idon hukuma, muka taka da ƙafa, muka ɗauki harami a Yalamlam. Mun ma yi sa'a, don a zamanin akwai waɗanda aka yaudara aka sayar, Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962.

Ku yanzu sai dai a ga hotonku a filin jirgi, a rubuta wa jama'a gaba ɗaya "a yafe ni" a WhatsApp. Wa ka nema a nan? Zuwa da kai ya fi saƙo. Gwaggonka ta Fagge ta ce rabonta da kai tun bikin suna, ka fara da ita, kuma ka zauna har ta gama maganarta. In ka fito ka biyo ta nan, akwai sunaye biyu da zan ba ka ka yi musu addu'a a gaban Ka'aba, Baba da ƙanen nasa.