Allurar kashe zafi bayan aikin rage nono

'Yar'uwa daga Gusau, kin tambaya ko allurar kashe jijiya tana rage zafi bayan aikin rage nono. Tana ragewa sosai. Likitan sa barci yake yin ta, yana kallon na'urar sikanin, ya zuba magani irin bupivacaine tsakanin tsokokin ƙirji. Wurin ya mutu na sa'o'i, galibi bai kai kwana guda ba.

Inda ake kuskure: sai zafin ya dawo cikin dare ake laluben magani. Ki sha abin da aka rubuta miki kan lokaci. Kuma kar a yi miki gashi, ruwan zafi zai ƙona ki ba ki ji ba.

Bayan allurar, kunne na ƙara, leɓe ya mutu, numfashi na sarƙewa? A kira likita nan take, ba mai kemis ba.